Siririya ko mai faɗi? Muhawara kan tayar keke a Damagaram

Lawali: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambaya ce gare ni ga masana. Keken tsere ne na hannu, an rubuta 700x23C a jikin tayarsa. Aikin da ake so ya yi biyu ne: zuwa aiki kullum daga Garin Malam zuwa wajen Kasuwar Dole, ran Lahadi kuma a fita kwalta zuwa Mirriya a dawo. Faci ya yi yawa, kuma da an shiga layi mai yashi kan keken sai ya riƙa rawa. Wane faɗi ya kamata a saya? Wani ya ce a sa 38, wani ya ce keken zai yi nauyi.

Malam Mutari: Wa alaikumus salam. Kafin maganar faɗi, Malam Lawali, duba gefen tayar da kyau. Ban da 700x23C akwai wata lamba mai kashi biyu, kamar 23-622. Ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar rim ce daidai inda leɓen taya yake zama. Ta farko kana da ikon sauya ta, ta biyu ko kusa. Duk tayar da za ka saya sai ta ƙare da 622. Ita wannan lambar ba ta ƙarya, lambobin inci ne suke rikita mutane.

Baba Isufu mai gyaran keke: Gaskiyar Malam Mutari. Yaro zai zo ya ce a ba shi taya 26, alhali 26 ɗin da ke yawo a garin nan iri biyu ne. VTT, keken nan mai kaurin taya na hanyar daji, yana ɗaukar 559, wato 26x1.75 ko 26x1.95 da ire-irensu. Keken Japan mai kwando yawanci 26x1 3/8 ne, shi kuma 590 ne. Tsakaninsu milimita 31, ba ta yadda ɗaya za ta hau rim ɗin ɗaya. Haka 28: babban keke irin su Phoenix da Hero 28x1 1/2 ne, wato 40-635, keken Turai kuma da aka rubuta masa 28 galibi 622 ne. Akwai kuma 27 na tsofaffin keken tsere da wasu na Japan, shi 630 ne. Wannan ya fi cutar da mutane, don tazararsa da 622 milimita 8 ce kawai. Sai a yi ta danna tayar 622 da ƙarfe a kan rim 630 har a lanƙwasa wayar leɓen, ko a sa tayar 630 a rim 622, a buga iska, leɓe ya tsallake, tub ya fashe.

Lawali: Na duba Baba, 23-622 ne.

Haruna ɗan tsere: To ni ra'ayina kada a wuce 25. Keken tsere don gudu aka yi shi. In ka sa masa ƙatuwar taya ka ɓata shi, gara ka sayi VTT tun farko.

Malam Mutari: Haruna, wannan maganar ta da ce, kuma su kansu masu tseren sun bar ta. A manyan gasa na Turai an tashi daga 23 an koma 25, yanzu 28 zuwa 30 ne ya zama ruwan dare, a tseren Paris-Roubaix kuwa, inda ake bi ta kan hanyar duwatsu, har 32 ake sawa. Dalilin yana cikin yadda taya take taɓa ƙasa. Ƙafar da ke ɗauke da kilo 40, in iskarta bar 4 ce (bar ma'aunin ƙarfin iskar taya ne), wurin da ya taɓa ƙasa wajen santimita murabba'i 10 ne, ko tayar siririya ce ko mai faɗi. Abin da ya bambanta shi ne siffar wurin. A siririya dogo ne, gefen taya yana lotsawa sosai a kowane juyi, kuma lotsawar nan ita ke cin ƙarfin ƙafarka. A mai faɗi wurin gajere ne, lotsawar kaɗan ce. Saboda haka a iska ɗaya, da roba iri ɗaya, mai faɗi ta fi saurin mirginawa.

Za ka ce ai siririya ana buga mata iska fiye da haka. Gaskiya ne, kuma a kan kwalta mai sumul tana mayar da abin da ta rasa. Amma a kan fabe, wato titin da aka shimfiɗa da bulo, ko kwaltar da ta tsufa ta yi kaushi, tayar da aka buga ta yi tauri ba ta haɗiye ƙananan duwatsu, sai dai ta ɗaga keke da mai shi gaba ɗaya. Girgizar da kake ji a hannu da baya ƙarfi ne yake tafiya a banza. Mutane suna jin girgizar su ɗauka gudu ne.

Haruna ɗan tsere: Amma nauyi fa, Malam? Da kuma iskar da ke bugun taya ta gaba? Kada a ce ba su da tasiri.

Malam Mutari: Suna da shi, sai dai a auna. Tsakanin 25 da 28 na samfuri ɗaya bambancin bai cika wuce giram 30 zuwa 50 a kowace ƙafa ba. Mutum da kekensa kilo 80 ne ko fi, wannan ba abin da za a ji ba ne. Bugun iska kuma yana fara zama magana ne in ana tafiya sama da kilomita 30 a awa na dogon lokaci. Mai zuwa aiki cikin gari 15 zuwa 20 yake yi. Inda nauyi ke fitowa da gaske shi ne taya mai kaurin bango, irin mai hana huda, wadda guda ɗaya kan kai giram 700 ko 900. Wannan ba laifin faɗi ba ne, laifin yadda aka ƙera ta ne.

Haruna ɗan tsere: Na yarda da 28 ga mai fita hanyar Mirriya ko ta Takeita. Fiye da haka ban yarda ba. In ka miƙe tsaye kan feda kana so keke ya amsa nan take, 35 mai laushi tana ba ka wani lilo a kwana.

Baba Isufu mai gyaran keke: Ku dakata, duk kun yi nisa. Ba abin da mutum yake so ba ne, abin da keken zai ɗauka ne. Lawali, ɗana, ga yadda za ka auna. Bar tayar 23 ɗin a jiki da iskarta. Nemo alanki lamba 4 da 5 da 6 da 8, lambar ita ce kaurinsa a milimita. Ka zura su a wuri huɗu: ƙarƙashin fok inda ƙafar gaba take wucewa, ƙarƙashin birkin baya, tsakanin ƙarafuna biyun da suka taso daga wajen feda suka nufi ƙafar baya, da kuma bayan ƙarfen da sirdi yake kai. Kowane wuri ka ga babban alankin da ya shiga ba tare da ya matse ba. Wurin da ya fi ƙunci shi ne mai hukunci.

Lissafin kuwa: duk milimita 1 da ka ƙara a faɗi, taya tana ƙara kusan milimita 1 a tsawo, rabin milimita kuma a kowane gefe. Daga 23 zuwa 28, sama za ta ci 5, gefe 2.5. Bayan haka dole a bar fili. Mafi ƙaranci ga keken tsere milimita 4 ne, amma a nan na fi son 5 ko 6, domin da damina jar ƙasa tana manne wa taya, tsakuwa ta maƙale ta riƙa kankare ƙarfe. Kuma wili ba ya zama daidai har abada, in waya ɗaya ta tsinke ya karkace, tayar da ba ta da fili nan take za ta kama jiki, ka koma tura keke.

Malam Mutari: In ƙara a kan na Baba, birki ma yana da iyaka. Ƙaramin birkin keken tsere, mai hannu biyu da ke rataye a saman taya, galibi a 28 yake tsayawa, wasu tsofaffin ma 25. Mai dogon hannu yana kai 32 ko 35. Birkin V irin na VTT da birkin faifai ba sa hana komai, nan firam ne kawai ke magana.

Lawali: Na auna. Gaba, ƙarƙashin birki, lamba 8 ta shiga har da saura kamar milimita 2. Ƙarƙashin birkin baya haka. Gefe-gefe wajen feda 8 ta shiga daidai. Bayan ƙarfen sirdi akwai fili da yawa. A jikin rim kuma an rubuta 622x15C.

Baba Isufu mai gyaran keke: To ka samu amsa. Sama kana da 10, ka cire 5, saura 5. Gefe 8, cire 2.5, saura 5.5. Tayarka 28-622 ce. 32 ba za ta ba ka fili ba, 38 kuwa ko shiga ba za ta yi ba. In za ka fitar da wili, buɗe ɗan makullin da ke jikin birki, in bai isa ba ka rage iska, kada ka fizge ta tsakanin robobin birki.

Malam Mutari: Rim ɗin ma ya yarda. 15C na nufin faɗin cikinsa milimita 15 ne, daga bango zuwa bango, kuma yana ɗaukar 23 zuwa 32 lafiya. Ga masu bin zancen: rim 13 a tsaya a 25 ko 28, rim 17 yana tafiya da 25 har 37 da ɗan sama, rim 19 daga 28 zuwa wajen 47 ko 50. In taya ta yi wa rim faɗi, gindinta yana tsukewa, a kwana ta riƙa kwantawa gefe, musamman in iska ta ragu. In ta yi masa kaɗan sai ta baje, bakin rim ya fito fili, rami ɗaya ya lotsa shi. Kuma a sani lambar da ke jikin taya ba koyaushe take cika ba: 28 a rim 15 tana iya fitowa 27, ita ɗin dai a rim 19 ta kai 29 ko 30. A sake aunawa bayan kwana ɗaya da sawa, don sabuwar taya tana ɗan buɗewa.

Lawali: Na gode ƙwarai. Amma 28 za ta raba ni da yashi?

Mamman Sani: A'a, kada a yi maka alƙawarin da ba zai cika ba. Za ta rage faci, za ta rage girgiza a kan fabe, amma yashi yana nan. Abin da ke sa taya ta nutse shi ne yadda take danna ƙasa, kuma wannan kusan daidai yake da iskar cikinta. Taya mai bar 5 tana yanka yashi, mai bar 2 tana hawa kansa. Ba za ka iya sauke 28 zuwa bar 2 ba, rim zai daki ƙasa. Wanda hanyarsa ta kullum rabinta yashi ne, abin da ya dace da shi 47 zuwa 54 ne, wato 1.75 zuwa 2.1 a VTT. Ko ita in yashin ya yi zurfi sai an sauka. Dabarar da za ta taimake ka: ka sauya giya zuwa mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka matsa baya a kan sirdi, kada ka damƙe kan keken, kada ka daina taka feda, kada ka taɓa birkin gaba.

Hadiza: Sannunku da ƙoƙari. Don Allah a taɓa maganar VTT. Na ɗaliba ne mai zuwa Jami'ar André Salifou, tayar 26x2.125 mai manyan haƙora, tana kuka a kan kwalta kuma keken yana jan ƙafa. A rage faɗi ne?

Mamman Sani: Malama Hadiza, ba faɗin ba ne, haƙoran ne. Kowane haƙori yana lanƙwasawa in ya taka kwalta, kukan da ake ji ke nan, kuma na tsakiya suna saurin cinyewa. A nemi 47-559 ko 50-559 wadda tsakiyarta sumul ce ko mai ƙananan zane, haƙoran suna gefe kawai. Faɗin yana nan don yashi, tsakiyar kuma tana gudu. Kada a ji tsoron taya mai sumul da damina. A kan kwalta roba ce ke kamawa, ba zane ba, kuma tayar keke ba ta tafiya a saman ruwa irin ta mota, don siririya ce kuma gudunta bai kai ba. Abin tsoro a kwalta shi ne yashin da iska ko ruwa ya zubo a kwana, wannan kuwa sai rage gudu.

Haruna ɗan tsere: Maganar iska ba a ba da lamba ba.

Malam Mutari: Ga mutum mai kilo 70 ba kaya, a fara daga nan a ƙafar baya: 25 wajen bar 6, 28 bar 5 zuwa 5.5, 32 bar 4 zuwa 4.5, 37 bar 3.5 zuwa 4, 47 ko 50 bar 2.5 zuwa 3. Ta gaba a rage mata kamar 0.3 zuwa 0.5, don baya ce ke ɗauke da fiye da rabin nauyi. Mai kilo 90 ya ƙara wajen bar 1 a siririya, rabin bar a mai faɗi. In famfon psi yake nunawa, bar 1 psi 14.5 ne, in kuma kPa aka rubuta a taya, 100 ne bar 1. Wanda ba shi da ma'auni ya hau keken, wani ya duba masa: tayar baya ta ɗan kumbura gefe kaɗan, kamar ta sauka kashi 15 cikin 100 na tsawonta. In ba ta motsa ba sam, iskar ta yi yawa. Lambar da ke gefen taya iyaka ce, ba umarni ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne a sa mai faɗi a buga mata iskar siririya. Ƙarfin da ke jan bangon taya da bangon rim yana tafiya ne da iska da faɗi tare. Tayar 50 a bar 3 tana ja daidai da tayar 25 a bar 6. In ka kai 50 ɗin bar 6 ka ninka. Rim ɗin alminiyom da birki ya riga ya cinye gefensa a nan yake tsagewa.

Baba Isufu mai gyaran keke: Kuma a kula da injin masu facin mota. Iskar cikin tayar keke kaɗan ce, daƙiƙa biyu ta wuce iyaka. Tsohon rim na ƙarfe wanda cikinsa ba ƙugiyar da ke riƙe leɓe, kada a wuce masa bar 5, kuma a sa masa taya mai leɓen waya, ba mai naɗewa ba.

Mamman Sani: Zafin bazara ma yana shiga lissafi. In an buga iska da asuba, iskar cikin tana digiri 25, aka jingine keke a rana ko aka bi kwalta da azahar cikin Afrilu ko Mayu har ta kai 55, bar 6 sai ya koma wajen 6.7. Sabuwar taya ba ruwanta. Amma wadda aka riga aka kai ta iyaka, ga gefenta ya tsattsage da rana, ga tsohon faci da gam ɗinsa ya yi laushi, ita ce ke fashewa keke yana tsaye. Mai 28 da ke tafiya a bar 5 yana da sarari mai yawa kafin iyaka, mai 23 da ke bar 7.5 ko 8 ba shi da shi.

Hadiza: To faci fa? Mai faɗi ba ta fi kwasar ƙaya ba?

Baba Isufu mai gyaran keke: Ƴata, huda iri uku ce, kuma tub ɗin yana gaya maka wace ce. Rami ɗaya a bayan tub, ƙaya ce ko kwalba ko waya: tsidau, ƙayar aduwa, ta bagaruwa. Faɗi ba ya hana wannan, kaurin roba da shimfiɗar da ke ƙarƙashinta ne ke hanawa. Ramuka biyu jere kamar saran maciji, rim ne ya matse tub a bakin rami ko tudun rage gudu. Wannan ciwon siririya ne, kuma faɗi ne maganinsa, don iskar cikin 37 ta ninka ta 25 har da ɗori, ta 50 kuwa ninki huɗu ce. Rami a cikin tub ta wajen rim, kan waya ne ya fito ko robar da ke rufe su ta goce. Wannan ko taya nawa ka sauya ba zai daina ba sai ka sa sabuwar robar rim mai faɗin cikin rim ɗin.

Kafin a mayar da tub, a bi cikin taya da tsumma, a cire ƙayar da ta karye a ciki. Rabin masu dawowa faci a rana ɗaya ƙayar farko ce ba a cire ba.

Malam Mutari: Tub ma yana da lamba. Na 18 zuwa 25 in an sa shi cikin 28 zai cika, amma ya miƙe ya yi siriri, iska ta riƙa zurarewa da wuri, faci kuma ba ya kama shi da kyau. Babba a cikin ƙaramar taya yana ninkewa, ya tsage a ninkin. Malam Lawali ya nemi wanda 28 take cikin lambarsa, da siririn bawul irin na keken tsere, don ramin rim ɗinsa milimita 6.5 ne, bawul irin na mota yana son 8.5. Kada a bari a faɗaɗa ramin a rim mai faɗin 15, yana raunana shi.

Mamman Sani: Ba a taɓo masu ɗaukar ruwa ba, kuma a Damagaram su ne suka fi wahalar da taya. Jarka biyu ta lita 25 kilo 50 ce, kusan duka a kan ƙafar baya. Haɗa da mutum da babban keke, baya tana ɗauke da wajen kilo 100. Nan 40-635 ce ƙarama da za a yarda da ita, a VTT kuma 50 zuwa sama, kuma nan ne kaɗai zan ce a buga iska har kusa da lambar da ke gefe. Ta gaba a bar ta yadda take.

Haruna ɗan tsere: Wasu suna sa tsohuwar taya a cikin sabuwa don ƙaya. Yana aiki?

Baba Isufu mai gyaran keke: Yana yi, amma a mai faɗi kawai, 40 zuwa sama. A yanke leɓen wayar tsohuwar gaba ɗaya, a bar tsakiyar, a goge bakin yankan da sanfefa, a naɗe inda bakin biyu suka haɗu da guntun tsohon tub. In ba a goge ba, bakin ne zai yanka tub cikin mako biyu ko uku, sai ka ga doguwar tsaga maimakon rami. Keken zai ƙara nauyin ja, mai ɗaukar kaya ba zai damu ba. A cikin 28 kada a gwada, ba wurin da tub zai zauna, leɓe kuma ba zai hau rim daidai ba. Mai 28 ya nemi wadda aka saka mata shimfiɗar kariya tun daga kamfani, in guda ɗaya kuɗinsa ya kai ya sa ta a baya.